BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA
A shirya masu duba gwajin magani tun annoba ba ta zo ba



Duk ɗan ƙasar Adar ya san lokacin sanƙarau. Tun daga watan Disamba, sa'ad da iskar hunturu ta fara tada ƙura, har bazara ta tsananta, uwaye a Tabotaki da Buza da Keita da Madawa ba su samun kwanciyar hankali in yaro ya ce kansa na ciwo, wuyansa kuma ya ƙi juyawa. Sai ruwan farko ya sauka sa'an nan cutar ke ja da baya. A shekarar 2015 kaɗai, daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni, an ƙidaya mutum wajen 8,500 da ake zaton sun kamu a Nijar, 573 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya, har sai da aka rufe makarantu a Yamai.

In annoba irin wannan ta sauka, baƙi iri biyu ke shigowa gari. Akwai masu zuwa da maganin da aka riga aka sani, su yi wa majiyyata aiki. Akwai kuma masu zuwa da sabon magani ko sabuwar allura, suna son su gwada su gani ko tana da amfani. Dukansu farar riga suke sawa, dukansu da mota suke zuwa, dukansu kuma "likita" ake ce musu. Uwar da ta goyo ɗanta tun asuba daga wani ƙauyen Tabotaki ba ta da hanyar da za ta bambanta su. To, wa zai tsaya mata?

Aikin ke nan na kwamitin da ke duba halaccin binciken lafiya. Taro ne na likitoci da masana shari'a da malaman addini da wakilan jama'a, waɗanda ba su da hannu cikin binciken. Kafin a taɓa jikin kowa, su ne za su karanta tsarin gwajin, su auna amfaninsa da haɗarinsa, su tabbata an shirya yi wa mutane bayani kuma an ba su damar cewa a'a. Ƙasarmu tana da irin wannan kwamiti a Yamai, ƙarƙashin ma'aikatar ministan kiwon lafiya, wanda ake taƙaita sunansa da CNERS. Ra'ayinmu a nan shi ne, wajibi ne a shirya wannan kwamiti domin ranar annoba tun ana zaune lafiya, kuma shirin ya sauko daga Yamai har ya iso ƙofar gidan likitan Tabotaki.

ABIN DA YA FARU A KANO

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga illar rashin shiri. A shekarar 1996 sanƙarau ya yi ɓarnar da ba a taɓa gani ba a yankinmu. Tsakanin 1996 da 1997 an ƙidaya mutum kimanin 250,000 da suka kamu a ƙasashen Afirka, wajen 25,000 suka rasu, arewacin Najeriya kuwa yana cikin inda abin ya fi muni. Ana tsakar wannan hali ne ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano da wani sabon magani mai suna Trovan. Suka ɗauki yara 200, wajen rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani sananne. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashi na farko, 6 daga na biyu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi kisa, ba maganinsa ba, kuma an yi wa iyaye bayani da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya shaida musu gwaji ake yi, ba wanda kuma ya gaya musu cewa a cikin asibitin nan ɗin dai ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da sanannen magani kyauta. Babban abin lura ga maganarmu ta yau shi ne takardar izini. Kamfanin ya nuna wasiƙar da ke cewa kwamitin asibitin koyarwa na Aminu Kano ya yarda da gwajin. A ƙarshen 2000 da farkon 2001 jaridar Washington Post ta tone zancen, aka ji cewa a lokacin gwajin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti sam, wasiƙar kuma daga baya aka rubuta ta, aka sa mata kwanan watan da ya wuce.

An yi shekaru ana shari'a a Najeriya da Amurka. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, iyalai na farko kuwa ba su ga diyya ba sai 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin. Amma hasarar da ta fi kuɗi girma ita ce ta amana. A 2003 Kano da waɗansu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, cikin dalilan da jama'a ke kawowa har da zancen Trovan. Kafin a koma a 2004, cutar ta sami hanya, ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, ta gurgunta yaran da ba su san hawa ba balle sauka. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Gwaji guda da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ya jawo wa allurar gaskiya ƙiyayya.

JINKIRI MA ƁARNA NE

Mai karatu zai iya cewa, in haka ne a hana gwaji gaba ɗaya lokacin annoba, a huta. Wannan magana ba ta karɓuwa. Sanƙarau jinsin A, wanda ya yi kisan 1996, ina yake yau? Allurar MenAfriVac ce ta kawar da shi, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, bayan an gwada ta bisa ƙa'ida a ƙasashe irin su Mali da Gambiya. Sabuwar allurar da ke kare mutum daga jinsi biyar, wadda Najeriya da Nijar suka fara amfani da ita a 2024, ita ma ta hanyar gwaji ta zo. Akwai kuma cututtukan da ba a iya gwada maganinsu sai lokacin da suka ɓulla, don in babu majiyyaci babu abin da za a auna.

Annobar Ebola ta Gine da Laberiya da Saliyo ta nuna haka. An sanar da ita a watan Maris na 2014, ta kama mutum fiye da 28,000, ta kashe fiye da 11,000. Amma gwajin allurar rigakafi a Gine bai fara ba sai Maris na 2015, shekara guda cur, ana ta rubuta tsari, ana neman izini daga wannan kwamiti zuwa wancan. Allurar ta tabbata mai amfani. Gwajin wani magani mai suna ZMapp kuwa an so a yi shi a kan mutum 200, aka samu 72 kawai, don annobar ta lafa kafin a gama, aka tashi babu cikakkiyar amsa.

Ƙasar Yuganda ta ga fuskokin nan biyu. A watan Satumba na 2022 wani jinsin Ebola ya ɓulla can. Alluran gwaji ba su iso ba sai bayan kwana 79, lokacin cutar ta riga ta ja da baya, gwajin bai yiwu ba. Amma ba a yar da aikin ba. Aka ajiye tsarin a shirye, aka ajiye alluran a cikin ƙasar, aka horar da ma'aikata. Da cutar ta dawo, aka sanar ranar 30 ga Janairu 2025, gwajin ya fara ranar 3 ga Fabrairu. Kwana huɗu maimakon kusan wata uku. Tambayoyin da ya kamata a yi duk an yi su, amma an yi su tun kafin ranar.

DARASIN MADARUNFA

Abin farin ciki shi ne ƙasarmu ma tana da nata misalin. Likitoci sun daɗe suna tambaya: in sanƙarau ya shiga ƙauye, alluran rigakafi kuma ba su iso ba, shin ƙwayar magani guda da za a raba wa masu lafiya za ta iya tare cutar? Cibiyar bincike ta Epicentre, ta ƙungiyar MSF, da ma'aikatar kiwon lafiya suka rubuta tsarin gwajin, suka kai shi gaban kwamitin ƙasa tun 2016, babu wanda ya san inda annobar za ta faɗa. Da jinsin C ya ɓulla a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi a bazarar 2017, sai aka fara aiki cikin watan Afrilu ba tare da ɓata lokaci ba.

Ƙauyuka 49 suka shiga, masu mutum wajen 71,000, aka kasa su uku ta hanyar ƙuri'a. A kashi na farko an yi wa majiyyata magani yadda aka saba. A na biyu an ƙara da ba mutanen gidan majiyyaci ƙwayar ciprofloxacin sau ɗaya. A na uku an raba ta ga ƙauyen baki ɗaya. In aka auna bisa mutum 100,000, waɗanda suka kamu sun kai 451 a kashi na farko, 386 a na biyu, 190 kacal a na uku. Watau rabon ƙauye duka ya rage cutar da wajen kashi 60 cikin 100. Wannan ilimi ne da duniya ta samu daga ƙasar Hausa, kuma ba wanda ya kai kowa kotu a kansa. Tsakanin Kano ta 1996 da Madarunfa ta 2017 cuta ɗaya ce, jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne shiri.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Jihar Tawa ba baƙuwar annoba ba ce. Ban da sanƙarau, kwalara ta shigo mana a 2021, ƙyanda kuwa ba ta daɗewa ba ta leƙo ba. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift, wanda ke tashi daga dabbobi ya kama mutane, ya ɓulla a Cin Tabaraden da Tasara, ya kashe mutum fiye da 30, akasarinsu makiyaya. Wannan zazzaɓi har yau ba shi da allurar rigakafin da aka yarda a yi wa ɗan Adam. Ranar da ya dawo, masu bincike za su zo da tasu ta gwaji, kuma ya kyautu su zo. Saboda haka ga abin da muke roƙon hukuma.

Na farko, a rubuta tsarin gwaji na cututtukan da muka sani tun yanzu, kwamiti ya duba shi da damina ko da kaka, sa'ad da babu mai tsaye a kansa yana cewa a yi sauri. Ranar annoba sai a cika sunan gari da kwanan wata da ɗan abin da ya sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da irin wannan shawara.

Na biyu, kwamitin ya kasance da dokar zaman gaggawa a rubuce: cikin kwana nawa zai ba da amsa, mutum nawa ne suka isa zama, wa zai maye gurbin wanda ya yi tafiya ko wanda aikin annobar ya riƙe a asibiti, ta yaya za a yi shawara ta wayar tarho in taro bai yiwu ba. Kuɗin aikinsa kuma su fito daga baitulmalin ƙasa. Kwamitin da ke jiran mai bincike ya saya masa takarda da man mota ba zai iya kallon idonsa ya ce masa a'a ba.

Na uku, zancen harshe. Takardar neman yarda mai shafi da yawa cikin Faransanci, wadda aka dangwala wa yatsa, ba shaidar yarda ba ce, shaidar cewa an riƙe hannun mutum ce kawai. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu sauran uzuri. A rubuta bayanin da Hausa, da boko da ajami, a yi shi da Tamajak da Fulatanci domin Buzaye da Fulanin da muke zaune tare. A ɗauke shi a murya domin wanda bai iya karatu ba. Kafin a buga, a karanta wa waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci a Tabotaki ko Buza, a tambaye su abin da suka fahimta. In ba su iya maimaita cewa "wannan gwaji ne, ba a tabbatar da maganin ba tukuna, kuma in na ƙi za a yi wa ɗana magani kamar kowa" ba, to takardar ba ta yi ba, a sake ta.

Na huɗu, wa ke ba da yarda? Wannan tambaya tana da nauyi na musamman a Adar. Lokacin sanƙarau shi ne lokacin cin rani. Magidanta da samari sun tafi Najeriya ko Kwaddibuwa ko Libiya, an bar mata da tsofaffi da yara. In aka rubuta cewa sai uba ya sa hannu, an rufe ƙofa ga yara da yawa. In kuma aka bar abin ba a faɗa ba, mace za ta yarda cikin tsoro, maigida ya dawo da damina rigima ta tashi. Ya kamata a zauna da sarakuna da hakimai da limamai da shugabannin mata tun da kaka, kafin matafiya su tashi, a tsai da shawara a gaban kowa cewa uwa tana da ikon yarda ko ƙi a madadin ɗanta. A kuma gane cewa izinin hakimi izinin shiga gari ne. Ba ya isa izinin taɓa jikin kowa. Kowane baligi shi ke da bakin kansa.

Na biyar, kwamiti yana bukatar ido a karkara. Sa hannu a Yamai ba ya nuna abin da ake yi a cikin rumfar majiyyata. A kafa reshe a Tawa, a naɗa wakilai a Buza da Madawa da Keita, cikinsu har da mace da malami da wanda ya iya karatu daga cikin talakawa, waɗanda ba sa cin albashin masu binciken. Su riƙa shiga ba sanarwa, su tsaya shaida lokacin da ake neman yarda, jama'a su san sunayensu da inda za a kai musu ƙara. In suka ga ɓarna, kwamitin ƙasa ya kasance da ikon tsai da aikin a ranar. A kuma raba wurin gwaji da wurin magani, kada majon gidan likita ya zama shi ne mai ba da magani, shi ne kuma mai roƙon a shiga gwaji, domin mai ciwo ba ya iya musa wa wanda ransa ke hannunsa.

Na shida, a rubuta tun farko abin da zai biyo baya. Jinin da aka ɗiba da ruwan ƙashin baya, ina za a kai su, har yaushe za a ajiye su, wa ke da iko da su? Muna da cibiyar CERMES a Yamai, wadda ta daɗe tana auna jinsunan sanƙarau. Abin da za a iya aunawa a gida a auna shi a gida, wanda zai fita waje ya fita da yarjejeniya. In wani ya cutu, wa zai yi jinyarsa, wa zai biya diyya, nawa, kuma a wane ofis? Kada a bar talaka ya jira shekara 15 kamar mutanen Kano. In maganin ya tabbata, ƙauyukan da aka gwada shi a kansu su kasance cikin na farkon samu. In an gama kuma, a dawo a tara jama'a a faɗa musu sakamakon da bakinsu, ko mai daɗi ne ko marar daɗi.

Na ƙarshe, cuta ba ta nuna takarda a bakin iyaka. Abin da ya kama Sakkwato ko Katsina, mako kaɗan ne ya iso Ƙonni da Madawa da Maraɗi. Tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa dandalin AVAREF, inda kwamitocin ƙasashen Afirka ke zama tare su duba gwaji guda a lokaci guda. Ya kamata namu ya saba da wannan zama, ya san takwarorinsa na maƙwabta tun babu abin da ya taso, ta yadda wanda aka hana a can ba zai tsallako nan ya sami izini ba.

KIRA GA KOWA

Waɗansu ma'aikata za su ce ƙasa mai fama da ƙarancin magani da ƙarancin likitoci ba ta da kuɗin kashewa a kan kwamiti. Muna tunatar da su cewa duk abin da muka lissafa, yawancinsa takarda ce da zama da horo, kuɗinsa ba su kai na annoba guda ba. Kuma ranar da jama'a suka daina yarda da farar riga, ko an kawo allurar kyauta har ƙofar gida ba za su miƙa hannu ba. Wannan hasara babu kasafin da ke maido ta cikin shekara ɗaya.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fita daga duhun jahilci, ga inda karatunku zai yi wa garinku rana. In baƙo ya zo da takarda, ku karɓa ku karanta wa maƙwabta a fili. Ku tambaya cikin ladabi: wannan magani ne ko gwaji? Wane kwamiti ya yarda, ina takardarsa, wane kwanan wata ke kanta? In na ƙi, me zai sami ɗana? In ya cutu, wurin wa zan je? Mai aikin gaskiya zai yi murna da tambayoyin nan, ya zauna ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fusata ko ya ce babu lokaci, ku kai maganarsa ga hakimi da babban likitan gunduma. Wanda ya amsa da kyau kuwa, ku taimake shi, ku kwantar wa mutane da hankali, ku kashe jita-jita, don maganin da zai ceci jikokinmu ta hannun irinsa zai fito.

Muna roƙon ma'aikatar ministan kiwon lafiya, da gwamnan jihar Tawa, da shugabannin gundumomin Buza da Madawa da Keita, da sarakunanmu, su sa wannan magana cikin ayyukan bana, a zauna a kanta kafin hunturu mai zuwa.

Allah ya kare mu daga annoba, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.